Zuwa aiki a kan keke a cikin Kano: ina neman shawarar waɗanda suka saba

Abu Safiyya, Rijiyar Zaki:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ni ma'aikacin gwamnati ne, ina zaune a Rijiyar Zaki, ofishinmu kuma yana wajen Ƙofar Nassarawa, tafiyar da ba za ta gaza kilomita 10 ba. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da cire tallafin man fetur, kuɗin Adaidaita Sahu yake ta hauhawa, kuma ko da aka ɗaga mafi ƙarancin albashi a jihar Kano zuwa naira 71,000 a ƙarshen 2024, ƙarin da ya shigo hannuna bai toshe ramin ba, domin zuwa da dawowa kaɗai suna cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da nake karɓa a wata. Sayen babur ya fi ƙarfina a yanzu, ko da na saya ma, shi ma mai zai sha.

Saboda haka na fara tunanin sayen keke in riƙa zuwa aiki a kansa. Na iya hawa tun ina yaro, amma rabona da yin tafiya mai nisa a kan keke tun ina makarantar sakandare, ga shi yanzu na haura shekara arba'in. Abin da nake so in ji daga bakin waɗanda suke yin wannan tafiya kullum shi ne yadda abin yake a zahiri: ko mutum zai iya isa ofis cikin kamala ba tare da ya jiƙe sharkaf da gumi ba, musamman a watannin bazara, da kuma yadda ake zama lafiya da 'yan sahu da manyan motoci a kan titin BUK (Jami'ar Bayero), tun daga Kabuga har Gidan Murtala.

Akwai kuma wani abu da nake jin nauyin faɗa, amma dole in faɗa tun da shawara na zo nema. A ofishinmu akwai matasan da suke ƙarƙashina, wasunsu da motoci suke zuwa, kuma mai ɗakina ba ta yi na'am da maganar ba ko kaɗan. Ina tsoron kada a ce wane ya karye, ko kuma surukaina su ji labari su ɗauka abin ya kai inda bai kai ba. Duk wanda ya taɓa shiga irin wannan hali, don Allah ya gaya mini yadda ya yi. Allah ya saka da alheri.

Baban Walida, Ɗorayi:

Wa alaikumus salam, Malam Abu Safiyya. Hanyar da kake magana a kanta ita nake bi, domin ina zaune a Ɗorayi, ina aiki a wani kamfani a Bompai, kuma na koma keke ne tun watan Janairun 2013, lokacin da gwamnati ta hana ɗaukar fasinja a kan babur a cikin birni. A wancan lokacin na ɗauka na ɗan lokaci ne kafin al'amura su daidaita, sai ga shi ya zame mini jiki, har yanzu ban ga dalilin sauka ba.

Abu na farko da zan gaya maka shi ne ƙafa ba ita ce matsala ba. Kano shimfiɗaɗɗen gari ne, in ka cire hawan gadoji babu wani tudu a hanyarka da zai wahalar da kai, kuma mai tafiya a natse yana cin kilomita 12 zuwa 15 a cikin awa ɗaya, wato tafiyarka ba za ta wuce minti 40 zuwa 50 ba. Makon farko cinyoyinka za su yi tsami, mazauninka zai yi ciwo, daga nan jiki ya saba. Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne lokacin fita. Idan ka bar gida kafin ƙarfe bakwai, za ka tarar da iska da sauran sanyinta ko da a watan Afrilu ne, titi bai cika ba, masu kai yara makaranta ba su gama fitowa ba. Idan kuwa ka yi jinkirin rabin awa, wani garin daban za ka shiga. Gumi kuma yawanci daga gaggawa yake zuwa. Wanda ya fita da wuri ya taka feda a hankali zai isa da ɗan danshi a baya kawai, wanda ya makara yana tsere da agogo shi ne yake isa kamar an tsamo shi daga kududdufi.

Ni ba na hawa da kayan da zan yi aiki da su. Ina sa riga mara nauyi da wando, in ɗaure bakin wandon dama da roba don kada sarƙa ta kama shi ko ta shafa masa baƙin mai, kayan aikin kuma in naɗe su a leda in ɗaure a kariya. Kada ka goya jaka a baya, domin ita ce take haɗa gumi, ta kuma gajiyar da kafaɗa. Idan na isa ina zama minti goma a inuwa jikina ya huce, sannan in je wurin alwala in wanke fuska da wuya da hannuwa, in goge jiki da ɗan tawul, in canza. Kai da kake sa kaftani da hula, ka ajiye hula da takalmi sau ciki a ofis gaba ɗaya, ka riƙa zuwa da kaftanin a goge a naɗe. Babbar riga kam ba ta keke ba ce, sai dai ranar da za ka sa ta ka hau sahu.

Dawowa ta fi zuwa wuya. Ƙarfe huɗu na yamma a bazara kwalta tana tafasa, zafi yana kaiwa digiri 40, wani lokaci ya wuce. Ni nakan yi sallar la'asar a wurin aiki, in ɗan jira rana ta yi sanyi zuwa wajen ƙarfe biyar, sannan in kama hanya don in isa gida kafin magariba. Gorar ruwa ba ta rabuwa da kekena.

Maganar titi kuma, ina roƙonka ka karanta wannan da kyau. Ɗan sahu ba mugu ba ne, amma idonsa yana kan fasinja, ba a kanka ba; da zarar wani ya ɗaga hannu a gefen titi zai yanko ya tsaya a gabanka ba sigina ba komai. Don haka kada ka bi bayansa dab da dab, kuma kada ka kutsa tsakaninsa da gefen titi. Ka bar tazarar da za ta ishe ka taka birki. Motar da ka gani a tsaye a gefen hanya ka ba ta fili, domin ana iya buɗe ƙofarta a kowane lokaci. Tirela da tifa su ne abin tsoro na gaske: direban yana can sama, ba ya ganin abin da ke maƙale a gefensa na dama, kuma idan zai sha kwana ƙafafun baya suna cin wurin da kai kake zaton ka tsira. Idan ka ga babbar mota ta nufi kwana ko shataletale, tsaya ta wuce, minti ɗaya ba zai rage ka da komai ba.

Mutane da yawa suna ganin hikima ce mai keke ya bi hannun da ba nasa ba don ya riƙa ganin motar da ke zuwa. Wannan kuskure ne babba, domin mai fitowa daga lungu yana duban inda motoci suke tahowa ne, ba ya tsammanin wani daga ɗaya ɓangaren, kuma idan aka yi karo gaba da gaba ƙarfin bugun ya fi yawa. Ka bi hannun dama kamar kowa, ka tsaya a danja kamar kowa, ka miƙa hannu kafin ka juya. Kada kuma ka manne da bakin kwalta sosai, saboda a nan yashi yake taruwa, a nan fasassun kwalabe da ƙusoshi suke, a nan ne kuma za ka ci karo da kwalbatin da aka sace murfinsa.

Da damina sai ka koyi duban gabas. Hadarin Kano yawanci da yamma yake haɗuwa, in ka ga ya yi baƙi kuma iska ta fara kaɗawa, ka nemi rumfa ka fake, don ruwan ba ya daɗewa sosai. Abin da ban yarda da shi ba shi ne shiga ruwan da ya kwanta a kan titi bayan an ɗauke, musamman a watan Agusta, tun da ba ka san abin da ke ƙarƙashinsa ba. Ranar da aka tashi da ruwa tun asuba ina ajiye keken in hau sahu, kuma ba na jin na yi asarar komai, domin abin da na tara a sauran kwanakin ya biya.

Malam Na-Fagge:

Salamu alaikum. Jikana ne ya karanta mini wannan tambaya, shi ne kuma yake rubuta abin da nake faɗa. Ɗana Abu Safiyya, maganar hanya an riga an ba ka amsa mai kyau, ni a kan maganar kunya zan tsaya, domin ita ce na ga ta fi damunka.

Na fara koyarwa a makarantar firamare a farkon shekarun 1970, kuma a wancan zamani malamin makaranta da ya sayi sabon Raleigh sai an zo an yi masa murna. Hedimasta a kan keke yake zuwa, malamin asibiti a kan keke, magatakardan kotu a kan keke, malamin gona yana zaga ƙauyuka a kan keke, kuma babu wanda girmansa ya ragu. Ana ba ma'aikaci bashin sayen keke a riƙa cira a albashinsa, ana yi wa keke lasin a maƙala masa lamba, kuma a nan Kano akwai masana'antar Raleigh da take haɗa kekuna. Mutum yakan goge kekensa ranar Juma'a kamar yadda yake wanke rigarsa, ya sa masa ƙararrawa da madubi da fitila mai aiki da juyawar taya. Lokacin da aka canza hannun tuƙi daga hagu zuwa dama a watan Afrilun 1972, mu masu kekuna ne muka fi yawa a kan titi, mu aka fi yi wa gargaɗi.

Abin ya fara sauyawa ne da kuɗin Udoji, wajen 1974 zuwa 1975, lokacin da albashi ya tashi a dare ɗaya, aka biya mutane ariyas, kowa ya ruga ya sayi babur, mai ɗan ƙarfi ya sayi mota. Daga nan aka fara kallon keke a matsayin abin hawan wanda bai samu ba. Ka ga ke nan wannan kunya ba gadonmu ba ce, ba ta cikin addini, ba ta cikin al'ada. Arzikin man fetur ne ya kawo ta, kuma ga shi man fetur ɗin ne yake korar mutane daga motocin. A zamanin mulkin Obasanjo na farar hula an yi ministan sufuri, marigayi Ojo Maduekwe, wanda ya yi ta kiran 'yan Nijeriya su koma hawan keke, har shi da kansa ya riƙa hawa zuwa aiki a Abuja, wata rana motar bas ta ture shi ya faɗa rami. Mutane suka mai da abin wasa, aka yi ta dariya. Ni ban yi dariya ba, domin maganarsa gaskiya ce, abin da ya rasa shi ne titin da aka keɓe wa masu keke. An gina gadojin sama da na ƙasa a Kano masu yawa, amma ban ga inda aka ja layi aka ce nan na mai keke ne ba, alhali leburori da masu gadi da ɗalibai da masu kai madara da kayan miya suna bin titin nan kowace safiya.

Game da yaran da suke ƙarƙashinka, ɗana, abin da zai sa su girmama ka shi ne su tarar da kai a kan kujerarka ƙarfe takwas, aikinka a kammale, hannunka a tsarkake. Ma'aikacin da yake zuwa da mota amma rabin wata yana bin mutane bashin kuɗin mai, ko yana matsa wa masu neman fayil su ba shi na goro, shi ne ya kamata ya ji kunya. Hausawa sun ce girman kai rawanin tsiya. Za a yi magana mako ɗaya ko biyu, wani ya yi maka ba'a, wani ya tambaye ka ko lafiya, ka amsa da fara'a ka ce lafiya lau, motsa jiki kake yi kana kuma tattalin abin hannunka. Surukanka kuwa, idan suka ga 'yarsu ba ta rasa cefane ba, yara suna zuwa makaranta, ba za su tambayi abin da kake hawa ba. In kana so ka rufe bakin masu kai gulma, ka riga su, ka je gaisuwa a kan keken ka faɗa da bakinka.

Maman Abdul:

Assalamu alaikum. Baba Malam, Allah ya ƙara girma da lafiya, maganarka ta ratsa ni. Amma ina neman izini in kawo wani ɓangare, domin ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi shekaru a sashen da ake karɓar waɗanda suka yi haɗari, kuma ba zan iya karanta wannan zance in yi shiru ba.

Malam Abu Safiyya, ina ganin ba lalle ne kunya ce ta sa maiɗakinka ta ƙi ba. Mai yiwuwa tsoro ne, kuma tsoronta yana kan hanya. Mai keke ba shi da ƙarfen da zai tare masa bugu, duk abin da ya faru jikinsa ne yake karɓa, kuma raunin da ya fi tayar mana da hankali shi ne na kai, domin karayar hannu ko ƙafa tana warkewa, amma bugun ƙwaƙwalwa yakan bar mutum da abin da ba ya gyaruwa. Na san a garin nan mai keke da hular kwano abin kallo ne, to a kalle ka. Ka sayi hular, ka ɗaure igiyarta a haɓa, domin wadda ba a ɗaure ba tana tashi kafin kai ya taɓa ƙasa. Ka nemi riga mai ƙyalli irin ta masu aikin hanya, ka sa fitila fara a gaba da ja a baya. Ni a ra'ayina ma kada ka yarda magariba ta same ka a titi, saboda a tsakanin magariba da isha ido ba ya rarrabe abu sosai, fitilun titi ba ko'ina suke aiki ba, kowa kuma yana sauri ya isa gida.

Ba ina hana ka ba ne. Ta fuskar lafiya, abin da za ka yi alheri ne babba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana shawartar baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a kowane mako, kai kuwa tafiyar kwana biyu za ta cika maka wannan, kuma irin wannan motsi yana taimakawa wajen rage haɗarin hawan jini da ciwon suga da ciwon zuciya, cututtukan da muke gani suna kama ma'aikatan ofis masu wuni a zaune. Sai dai tun da ka haura arba'in kuma ka daɗe ba ka yi aikin ƙarfi ba, ka je a auna maka jini da suga kafin ka fara. Idan kana kan hanya ka ji ƙirjinka ya ɗaure, ko jiri, ko numfashi ya gagara, ka sauka nan take, kada ka ce bari in ƙarasa.

Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gabarka, ga hayaƙin sahu da na manyan motoci da za ka riƙa shaƙa a cunkoso. Ka sa takunkumi, ka sa tabarau saboda ido, ka shafa mai a leɓe da hannu. Mai asma ya nemi shawarar likita tukuna. A bazara ka sha ruwa kafin ka ji ƙishi, kuma idan ka ga fitsarinka ya yi ja sosai, jikinka yana gaya maka ruwan bai isa ba.

Ka zauna da maiɗakinka ka nuna mata hular da fitilun da lokacin da za ka riƙa fita da dawowa, ka kuma yi mata alƙawarin kira idan ka isa. Mu mata a garin nan ba mu da wannan zaɓi, yarinya takan hau keke zuwa Islamiyya amma da ta girma sai ta ajiye, don haka kuɗin sahu a kanmu yake ƙarewa ko muna so ko ba ma so. Idan maigida ya rage nasa, gidan ne gaba ɗaya zai numfasa, kuma ina kyautata zaton za ta fahimci haka idan ta ga ka ɗauki tsaron ranka da muhimmanci.

Usta Mai Gyara:

Salamu alaikum. Yallaɓai, ni sana'ata gyaran keke ce, kuma tun da mai ya yi tsada nake ganin mutane irinka suna zuwa da kekunan da suka saya ba tare da shawara ba, shi ya sa zan yi magana a kan sayen.

Kekunan da za ka tarar a kasuwa kusan iri uku ne. Akwai babban keke irin na da, mai taya lamba 28 da birkin ƙarfe, irin su Phoenix da Hero da Avon. Yana da nauyi, amma yana ɗaukar kaya, zamansa a miƙe yake, kuma duk ƙauyen da ka shiga za ka samu kayan gyaransa. Akwai na gwanjo mai giya, mai faffaɗar taya lamba 26, wanda matasa suke so. Akwai kuma na gwanjo ɗan Japan, mai kwando a gaba da murfin sarƙa da madigadi, wani har da fitila da makulli a jikinsa. Ga mai zuwa ofis da kaftani, ni ɗan Japan nake zaɓa masa, domin ba ya ɓata tufafi, hawansa da saukarsa da sauƙi, kuma ba shi da nauyi. Sai dai ka duba lambar tayar kafin ka biya, saboda wasu suna zuwa da lamba 27, wadda ba kowane shago ne yake ajiye tayarta da tub ɗinta ba. Giya 18 ko 21 ba ta da wani amfani a titin Kano. Mai giya ɗaya ko uku ya ishe ka, kuma ya fi ƙarancin lalacewa.

Kada fenti ya ruɗe ka. Ka je da mai gyaran da ka yarda da shi, ya duba jikin ƙarfen ko akwai tsagewa ko walda, musamman a wuya da wurin feda, ya ɗaga keken ya juya ƙafafun ya ga ko rim ya karkace, ya girgiza feda da kan keken ya ji ko boris ya ci. Keken da ƙarfensa ya taɓa lanƙwashewa ba ya komawa daidai, ko an ba ka shi da araha ka bar shi.

Yawancin masu kukan ciwon gwiwa sirdinsu ne ya yi ƙasa. Ka ɗaga shi yadda idan ka ɗora dunduniyarka a kan feda tana can ƙasa, ƙafarka za ta miƙe. Iska kuma ka riƙa dubawa kowace safiya da ɗan yatsa, domin taya mai laushi tana ninka maka wahala, tana kuma saurin yin faci idan ka daki bakin rami. Ka sayi famfo naka, ka ajiye tub ɗaya sabo da sholisho da ɗan faci a jaka, duk da cewa masu faci ba su da wuyar samu a titin BUK. Idan za ka yanke ta lungu ko fili, ka kula da tsidau, ƙayarsa ƙarama ce amma ita ce take kawo mana rabin aikinmu bayan damina. Sarƙa ba ta son giris mai kauri a garin ƙura, domin yashi yana manne mata ya riƙa cin haƙoran. Ka goge ta da tsumma, ka ɗiga mata mai kaɗan, ka sake gogewa. Robar birki kuma ka canza ta kafin ta ƙare, ka kuma sani idan rim ya jiƙe da ruwa birki ba ya kamawa da wuri.

Ɓarayin keke suna nan. Makullin da ke jikin keke ba ya hana a ɗauke shi a jefa a bayan sahu, don haka ka sayi sarƙa mai kauri da kwaɗo mai kyau, ka ɗaure jikin keken da ƙarfe ko bishiya, ba ƙafar gaba kaɗai ba. Ka yi magana da masu gadin ofishinku su nuna maka wurin da idonsu yake kai, mai inuwa, domin rana tana cin taya da sirdi.

Abu Safiyya, Rijiyar Zaki:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba Malam, na karɓi nasiharka hannu biyu, Allah ya ja kwana. Hajiya Maman Abdul, kin faɗi gaskiya, na karanta wa maiɗakina abin da kika rubuta, ta ce abin da yake ranta ke nan, kuma ta amince in gwada muddin zan sa hular in dawo kafin magariba. Usta, zan nemi ɗan Japan kamar yadda ka ce. Sauran tambayata ga Baban Walida ce: yaya kake yi da gadar ƙasa ta Kabuga da ta Gadon Ƙaya, kuma yaya kake yi da watan azumi?

Baban Walida, Ɗorayi:

Malam, ni ba na shiga gadar ƙasa da keke. Motoci suna gangarawa cikinta da gudu, haske yana raguwa a ciki, yashi da ruwa suna taruwa a ƙasanta, kuma idan wani abu ya faru babu gefen da za ka kauce. Ka bi hanyar sama ta gefe tare da masu juyawa, ko da za ka ɗan jira. Inda ka ga mahaɗar ta rikice, babu laifi ka sauka ka tura keken ka tsallaka da ƙafa, ni ma ina yin haka a wasu wuraren. Kafin ranar da za ka fara, ka gwada hanyar ranar Lahadi da safe lokacin da titi yake a sake, ka san inda ramuka suke, da inda masu faci suke zama, da tsawon lokacin da za ta ɗauke ka. Makonnin farko ka riƙa hutar da jikinka, yau keke gobe sahu, har ƙafa ta yi ƙwari.

Azumi kuma ya danganta da lokacin da ya faɗo. Zuwa da safe ba ya ba ni wahala, domin ruwan sahur yana jiki. Dawowar ce take buƙatar dabara: ina tafiya a hankali fiye da kullum, kuma ina ƙoƙarin in kasance a gida tun da sauran awa guda a sha ruwa, saboda a wannan awar ta ƙarshe direbobi suna gudu ido rufe, haƙurin kowa ya ƙare. Idan azumin ya faɗo a tsakiyar zafi kuma ka ji jikinka ba zai ɗauka ba, ka ajiye keken har bayan salla, ka ware kuɗin sahu na wannan watan daga abin da ka tara a watannin baya.